Maganin da Ɗela ta sayo a Guci

A bakin rijiya na fara jin sunan Ɗela, ina ƙarama. Wata mata ce ta fizge ɗanta ta ce, "Rufe idonka, ga Ɗela nan tafe." Na waiga, ashe matar baffana Maharazu ce da tulu a ka. Mu a gida Inna kawai muke ce mata.

Mutuniyar Kwaya ce, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta da yawan magana. Ƴaƴanta uku: Hammadu, Mala, sai auta Aisa. Shekarar da fari ya ci dabbobi Hammadu ya kwanta da zazzaɓi, ta sayo masa wani farin magani wajen mai tebur a kasuwar Guci. Kwana biyu idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi baƙi ƙirin, ya rasu. Gari ya ce mayya ce, ta kama kurwar ɗanta. Aka daina sayen manta. Yara na jifarta da kashin awaki, iyayensu na kallo.

A 1977 Mala ya sha irin maganin, shi ma haka, amma aka kai shi asibitin Magariya ya tashi. Ina hutun lise, makarantar sakandare, lokacin, na tambayi lokotoron, wato likitan da ya duba shi. Ya ce wasu mutane ƙwayoyin jininsu ba su jure wannan magani, in ya shige su sai su fashe. Gado ne daga uwa, maza ya fi kamawa, kuma ba laifin kowa ba ne.

Na dawo da murnata, na tara mutanen gida a tsakar gida, na zayyana musu komai. So nake a bar Inna ta zauna ɗakinta lafiya.

Gwaggo Huraira, yayar baffa, ta aje carbi. "Ke ƴar lakwal mai boko, daga wa kika ce ake gadon?"

"Daga uwa, Gwaggo. Amma ai…"

"To me muke faɗa tun farko? A nono ake shan maita. Maharazu, ka ji, har lokotoro ya shaida!"

Kafin Juma'a baffa ya sake ta. Gidan da ke neman auren Aisa suka aiko a mayar musu da kayansu.

Ranar tafiyarta ba wanda ya fito sai ni. Na ɗora mata tukunyar suya a amalanken jaki, ina kuka ina ba ta haƙuri. Ta gyara gammo ta zauna, ta ce da ni:

"Zuwaira, ke ake tambaya wane ɗan wane a gidan nan, kuma na ga ana yarda da bakinki. Duk wanda ya tambaye ki Aisa, ki ce ba ni na haife ta ba. Ki ce riƙo aka ba ni, ko nonona ba ta sha ba."