Dutsen Kabejin Goggo Shuzhen

Shekara tara na yi a ƙasar waje ina karatun duwatsu, kuma shakka na fi koyowa. Cikin duwatsu ɗari da ake cewa daga sama suka faɗo, da wuya a sami ɗaya na gaske. Shi ya sa da na dawo ƙauyenmu ban ko tambayi labarin dutsen Goggo Shuzhen, ƙanwar mahaifina, ba.

Tana da shekara ashirin da biyu, tana nome waken suya da rana tsaka, ta ji ƙara kamar tsawa alhali babu gajimare. Wani abu ya nutse a kunyar da ke gabanta. Ta tono shi, baƙi wuluk, ta kinkimo gida. Ba wanda ya yarda. Ko farashin taki ta faɗa a taro, sai a ce, "Wannan ma daga sama ya faɗo?" Ta daina magana a taro. Ta haifi uku, ta binne miji, bakinta a rufe.

Da kaka na tarar tana jera kabeji da gishiri a randa don ya yi tsami kafin sanyi.

"Malam mai digiri, miƙo min dutsen can in danne."

Nauyinsa ya fizge hannuna. Maganaɗisun da ke jikin makullina ya manne masa, ɗaf. Ƙarƙashin tsatsa na ga ragowar ƙonannen ɓawo. Sai da na zauna a ƙasa.

"Goggo, tun yaushe yake cikin ruwan gishiri?"

"Shekara arba'in da ɗaya. Rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Na kai ɗan gutsure ɗakin bincike. A cikinsa ga ƙananan ƙwallaye kamar gero, ga ƙarfe gauraye da nikel, ga koren ma'adinin olibin. Kondarait ne, wato irin dutsen da ke faɗowa daga sama, ajin mai yawan ƙarfe, ya girmi kowane dutse a duniyar nan. Gishiri ya cinye kusan rabin ƙarfen.

Na karanta mata takardar sakamakon sau biyu. Ta goge hannu a zanenta.

"Goggo, in tara mutanen gari in karanta musu?"

"Waɗanda suka yi min dariya duk suna maƙabartar kan tudu. Hau can ka karanta musu. Ka ɗaga murya, tsoho Qu ba ya ji sosai."