Saje Bayuo, Mai Kwashe Adduna Ranar Kasuwa

Ranar kasuwa Saje Bayuo ba ya jiran rana ta take. Ƙarar babur ɗinsa mai ƙafa uku ce ke fara isowa, bodin baya na ta kwaramniya, sai ka ga ya ci burki a ƙofar rumfar giyar fito ta Mma Apoka. Ba ya shiga. A bakin ƙofa yake tsayawa da ƙaton kwando, duk manomin da ya taso daga gona zai shiga ya jiƙa maƙoshi, sai ya miƙa masa hannu.

"Kawo addar, bawana. Kai da ko kan kare ba ka iya fasawa, me za ka yi da ita?"

"Ku ji ɓarawo! Wa ma ya ba ɗan Dagati kaki?" Mutumin na zagi yana dariya, yana jefa addar cikin kwando.

Shi ɗan ƙabilar Dagati ne, mu kuwa Farafara, kuma tun kaka da kakanni ba a fushi da abokin wasa. Ko a gaban surukanka ya zage ka, sai dai ka rama da baki. In ka ɗaga masa hannu, abin kunya ne har ga jikokinka. Wannan wasan ya ɗauka ya mai da shi kayan aiki.

Rubutun nan a tsaye nake yin sa, don na kasa zama. Saje ya ajiye kaki, kuma jibi kasuwa.

Lokacin da tallafi ya zo wa ofishin 'yan sandan garinmu don a rage ta'asar mashaya, manyan Saje ankwa suke so da sabon ɗakin tsare mutane. Shi ya kafe a sayi babur. Aka yi ta masa dariya, wai ko gero zai riƙa sarowa. Da yamma duk wanda ƙafarsa ta daina jin maganarsa, a bodin nan yake loda shi ya kai shi gida hannu rabbana. Adda kuwa sai washegari, kuma ba mai ita ake ba ba. Matarsa ce za ta je ta karɓo. In ba ta je ba, to, a can za ta ci gaba da kwana.

Ni ba labari aka ba ni ba. Ƙanwata Ayampoka tana da tabo a damtse, daga kafaɗa har gwiwar hannu. Mijinta Akolgo mutum ne kamar kowa in bai sha ba, har goyon yara yake yi. In ya sha fa, Allah ya kiyaye! Shekara da shekaru, duk ranar kasuwa ina zaune da takalmi a ƙafa, ina jiran a zo a ce in ruga.

Mma Apoka ta ga ranar da Akolgo ya shiga ta bayan rumfa da addarsa. Ta hana shi ƙari, ya ɗaga mata ita, jama'a suka watse. Saje ya tako, ko kulki babu a hannunsa.

"Haba Akolgo! Ashe tsofaffi kuke yanka yanzu? Karnukan garin sun ƙare ne? Zo in ba ka sadakar ƙafa ɗaya, yunwa ce ke damun ka."

Ta ce a hankali Akolgo ya sauke addar. Can sai dariya ta ƙwace masa, daga dariyar ya zarce da kuka. A baburin ya koma gida yana waƙa.

Saje, kai ne ka sa na cire takalmina. Kai ne ka sha zagin gari guda, da aman mashaya a bodin baburinka, ba ka taɓa tura wani ya wanke ba. Mai kwando, ba a ba ka lambar girma ba, mu dai mun gani.

To, ga abin da ke cin raina. Masu ba da tallafi suka zo duba aiki, suka leƙa ɗakin tsare mutane, suka tarar zabuwa ta yi ƙwai a ciki. Sai suka ce ai garin nan ba shi da matsala, suka juya da tallafinsu wani wuri, babur ma aka ɗauke. Wanda ya gaji Saje ɗan kudu ne, mutumin kirki, wallahi. Ya gwada tsayawa da kwandon, na farko da ya miƙa wa hannu ya ce masa, "Kai wane ne?" Da ƙyar aka raba.

Ɗazu da safe muka raka Saje tasha. Sai ga Akolgo, idonsa garau, da adda naɗe a tsumma.

"Ungo, ɓarawo. Tafi da ita garinku. Ni ban yarda da kaina ba."

Saje ya karɓi addar da hannu biyu, bai rama ba. Ban taɓa ganin an ci shi a wasa ba sai yau.

Na gode, Saje Bayuo, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Amma manomi ba ya zama ba adda, Akolgo zai sami wata, na sani, Ayampoka ma ta sani. Saboda haka ku 'yan Dagati da ke cikinmu, malamin makaranta, tela, mai sayar da magani, ku nake roƙo. Aikin nan ba ya bukatar kaki, baki yake bukata, kuma ku ba ku rasa shi ba. Kwandon yana wurin Mma Apoka. Jibi, don Allah, wani ya zo ya zagi surukina.