Yaya da Kwamfutar da Take Aiki Ita Kaɗai

Yayana bai taɓa yarda da kowa ba, kuma albashi aka riƙa ba shi a kan hakan. Shekarunsa na ƙarfi duk a ƙofar wata masana'antar sabulu ya yi su, yana lalube jakunkunan ma'aikata idan an tashi. Ma'aikatan suka sa masa Buɗe-Jaka, sunan ya biyo shi har gida. Ni ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ranar da na kai masa saƙo wurin aiki sai da ya leƙa jakata kafin in fita. Na yi ta masifa, ya ce aiki ne. Mutum ɗaya ya saki jiki da ita a duniya, matarsa, ita kuwa Allah ya karɓi abarsa bai daɗe da yin ritaya ba.

Ɗansa tilo ya samu aiki a nesa, ya tafi ya bar masa abu biyu a gida: tasa matar, da tsohuwar kwamfutar tebur wadda ya zuba hotunan mahaifiyarsa a ciki. Yaya ya koyi kunna ta, ya koyi buɗe hotunan, daga nan karatun ya tsaya. Kullum da hantsi zai kunna, ya bar fuskar marigayiya tana wucewa a allo, ya fita tsakar gida ya yi ban-ruwan tukwanen shukarsa. Surukar kuwa yarinya ce mai sanyin hali, ita ke share masa ɗaki, ita ke wanke masa kaya, ita ke tuna masa maganin hawan jini.

Wata rana ya zo shagon ɗinkina, bai ko zauna ba.

"Ana taɓa mini kwamfuta," in ji shi.

Na ce wa zai taɓa wannan tsohon gwangwanin? Ya ce idan ya bar ta babu kowa, sai ya dawo ya iske tana ƙara ƙur-ƙur-ƙur, jar fitilarta tana ƙiftawa, alhali bai sa ta komai ba. Sannan wani rubutu yana fitowa da jar alama. Abin da ya fi tayar masa da hankali, hotuna sun fara ƙin buɗewa. Akwai wanda marigayiya take dariya a bakin ƙofa, yanzu daga wuya zuwa ƙasa toka-toka ne.

"Mu biyu ne a gidan," ya ce. "Ni dai ban yi ba."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah." Ya kalle ni irin kallon da yake yi wa jaka mai nauyi.

Daga nan ya koma bakin aikinsa na da. Ya ɗora zare a kan madannan kwamfutar. Ya zana wa linzamin kwamfutar da'ira da fensir a kan tebur. Ya hana shara, ya sayo kwaɗo ya datse ɗakin. Zare bai motsa ba, kwaɗo bai buɗe ba, ƙara kuwa ba ta fasa ba. Kai ka ce wannan zai wanke yarinyar. Ina. Cewa ya yi da wayarta take yi daga ɗakinta, ai yaran yanzu ba abin da ba su iya ba. Ya fara tsayawa a bayanta idan tana danna waya. Rannan har ya ce ta miƙo ya gani.

Ta miƙa masa, ya gama dube-dubensa bai gane komai ba, ya mayar mata. Da yamma ta zo wurina, idonta a bushe, wannan ya fi tsorata ni fiye da a ce kuka take.

"Gwaggo, zan tafi gidanmu sai maigidana ya dawo," ta ce. "Ban gaya masa a waya ba, kada in haɗa shi da mahaifinsa. Me zan yi da hoton Mama? Ni na yi jinyarta."

Na roƙe ta ta ba ni zuwa gobe. Raina ya ɓaci sosai, don na san idan ta fita a kan zargi, zaman gidan nan ba zai sake daɗi ba ko ta dawo.

Washegari na ja mai gyaran kwamfuta da ke jikin shagona, na kai shi. Yaya ya tsare shi da tambaya a bakin ƙofa, ya kuma ce ya ajiye jakar kayan aikinsa inda ido zai gani. Mutumin ya karanta rubutun mai jar alama, ya duba nan, ya duba can, ya ce babu wanda ya shiga. Ɗan ne ya saita ta kafin ya tafi, duk mako ta yi wani aiki da suke kira difrag. Ya ce faifan ajiyar da ke cikinta kamar sito ne da aka daɗe ana zuba kaya duk inda aka ga fili, hoto ɗaya sai a iske guntunsa a kusurwa uku. To idan ta ga ba kowa a kanta, sai ta hau tattara guntayen tana jera su wuri ɗaya. Ƙarar da ake ji ke nan.

"Wato kwashe kaya take yi ba da sanina ba," in ji Yaya.

"Gyara su take yi, Baba. Amma aikin ba ya ƙarewa, shi ne rubutun yake faɗa. Akwai ɓarna a faifan, kamar ana katse ta a tsakiya. Wuta tana yawan ɗaukewa ne?"

Yaya ya ce a'a.

"To idan ka ji ƙarar, me kake yi?"

"Zare wayar nake yi daga bango. Ba a ba ɓarawo lokaci."

"Idan ka sake kunnawa, ta nuna tana duba faifai fa?"

"In sake zarewa."

Mai gyara ya sosa ƙeya, ya kalle ni. Mutumin ya yi bayani a hankali, cikin ladabi: duk lokacin da aka zare wayar, kwamfutar tana ɗauke da guntun wani hoto a hannu, ba ta kai shi ba, ba ta mayar ba.

Ya fara kwafe abin da ya rage zuwa wani faifan waje, sannan ya sa ta duba kanta. Ya ce kada a taɓa, ko za ta yini. Yaya ya zauna a gabanta, fitila tana ƙiftawa, ƙara tana tashi, hannunsa yana kaiwa bango yana dawowa. Sai da na zauna a kan kujerar da ke tare soket ɗin. Yawancin hotunan sun tsira. Na bakin ƙofar bai dawo ba, da wasu da dama, kuma mai gyara ya ce faifan kansa ya tsufa, a nemi sabo.

Bayan la'asar Yaya ya tashi ya nufi ɗakin surukarsa, ni ina biye. Tana zaune a bakin gado da mayafinta, ta gama shiri. Ya tsaya a ƙofa yana gyaran murya. A rayuwata ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, na ji tausayinsa, ban kuma taimake shi ba.

"Mai gyara ya ce ba ke ba ce," ya ce. "Ki yi haƙuri, ki zauna."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba idan yana magana.

"Na haƙura, Baba. Amma ni ma na gaya maka ba ni ba ce, ba sau ɗaya ba. Da Gwaggo ba ta kawo mai gyara ba fa?"

Ta jira shi, ta ba shi lokaci sosai. Da ta ga babu amsa, ta miƙe, ta gaya mini ta raba masa maganinsa na mako yana kan firij, ta yi masa sallama ta fita.