Ramin Ɗanliti da Tukunyar Gas

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, man kansa kuma ya ɓace daga gidajen mai, maƙwabcina Ɗanliti bakanike ya sayi ruwa galan huɗu da sunan fetur. Ruwa fa, irin wanda muke alwala da shi, an ɗan ɗiga masa jan rini. Daga bakin tasha ya ɗauko shi a ka har Ƙofar Guga, yana tafe yana amsa gaisuwa kamar wanda ya sauko daga Makka. Ya ɗura wa injin wutarsa, ya yi ta jan igiya tun hantsi har azahar. Da na zo na sunsuna bakin jarkar sai na ce, "Malam Ɗanliti, wanka za ka yi wa injin ta ciki?" Mako guda ba ya shiga masallaci sai an tayar da salla.

Ba wauta ce ta ja masa ba, hanci ne. Mutumin Batagarawa ne, ya shigo birni yana saurayi, ya yi shekaru yana bin manyan motoci, yana zuƙo mai daga tanki da tiyo a baki. Hannu ya samu sana'a, hanci ya mutu. Ko mushen jaki ka ajiye masa a gaba, sai dai ya gan shi da ido. Amma in aka zo ga ƙarfe, ko babur ne ko injin niƙa, da jin kukansa zai gaya maka inda ke masa ciwo.

Injin wutar nan shi ne alfaharinsa. Da shi firji ke daskarar da ƙanƙara, matarsa Saudatu na sayarwa daga cikin gida. Mu kuwa ƙararsa ta hana mu sakat. Ni na ja mutanen layi muka je wajen mai unguwa. Ɗanliti bai yi gardama ba. Ya haƙa rami a gefen zaurensa, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, ya saukar da injin a ciki, ya fitar da bututun hayaƙi ta bango, ya rufe bakin ramin da katako da buhuna. Muka samu lafiya, muka ma yaba masa.

Bayan abin kunyar ruwan nan ya rantse shi da 'yan bumburutu, masu sayar da mai a jarka, har abada. A sansanin wasu masu aikin titi ya taɓa ganin inji yana aiki da gas. Sai ya nemo tukunyar gas wajen wani kuku da ke yi wa manyan ma'aikata girki. Kwana tara yana fama. Ya huda wuyan kafireto, inda mai ke shiga injin, ya cusa siririn bututu, ya jona tiyo daga tukunyar, ya naɗe mahaɗar da robar tif ɗin keke. Ran na goma injin ya tashi, muryarsa a sanyaye, babu hayaƙin kirki. Ana saura kwana biyu a ɗauki azumi, rana kuwa kamar ta dafa mutum. Ya saukar da tukunyar cikin ramin kusa da injin, ya mayar da katako.

Daga nan warin ya fara.

Wari ne kamar na ƙwai da ya lalace, ba ya tashi sama, ƙasa-ƙasa yake bi. In kana tsaye da ƙyar za ka ji shi, sai ka durƙusa cire takalmi ya doke ka. Saudatu ta yi masa magana sau ɗaya, ya ce kowane sabon abu da warinsa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin tsokana na samu.

"Malam, mi kake ci da sahur haka? Zauren nan fa ya fara amsawa."

"Wanda ya fara ji shi ya yi," in ji shi, yana goge sifana.

Rana ta biyar da saukar da tukunyar ya ɗaga katako ya tarar da ƙadangaru biyu a kwance, ciki sama, babu rauni a jikinsu. Washegari ɓera. Tsofaffin layi suka ce ramin da aka haƙa a zaure ba a nemi izinin masu wurin ba. Aka kawo rubutu aka yayyafa. Warin bai tafi ba. Har ƙudaje sun daina shiga zauren, ni kaɗai na lura, na kuma yi shiru don ina tara abin da zan faɗa a majalisa.

Ga kuma al'adar matanmu. Da la'asar, wadda ta riga hura wuta ita ke ba sauran. Matata Delu kullum wajen Saudatu take ɗebo garwashi a kasko, ta ratso zauren nan, taku biyu daga bakin ramin, ta dawo gida. Ashana na nan a kanti, amma a ganinta ɓarna ce.

Ranar tara ga azumi, bayan la'asar, ina zaune a dakalin ƙofarsa. Ba don azumi ba da sigari na hannuna. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. A cikin shirun nan sai na ji wani siririn sauti daga ƙarƙashin katako, sssss, kamar maciji a cikin tulu. Ɗanliti ya janye katakon ya dira ciki. Ya durƙusa wajen tiyon. Ina kallonsa ya dafe bango, kansa ya yi lilo. Ya lalubi kan tukunyar ya murɗe, sautin ya tsaya. Da ya ɗago, fuskarsa ta yi fari fat.

"Babaji," ya ce da ni, murya can ƙasa, "ramin nan cike yake. Kada kowa ya kawo wuta."

Bai rufe baki ba muka ji takun Delu daga cikin gida.

"Delu, tsaya nan! Koma!"

To ita Delu shekara ashirin ba ta taɓa tsayawa gaban Ɗanliti ba, saboda kunya. Da ta ji muryarsa sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ta ƙara sauri don ta wuce. Kaskon na hannunta, garwashi ja wur, iska na ɗibar tartsatsi.

Ban san yadda ya fito daga ramin ba. Na dai gan shi ya tare ta, ya kifa tafin hannu ɗaya a kan garwashin, ɗayan a gindin kaskon, ya ɗaga shi sama da kansa, ya fice da gudu. Sai da ya tsallake kwata ya kai tsakiyar titi ya yar. Ƙaurin naman hannunsa ya cika layin, shi kaɗai ne bai ji ba.

Ran nan babu wadda ta hura wuta a gidaje uku. Da dabino da ruwan randa muka sha ruwa, ƙofofi a buɗe, muna fifita ramin da tabarmi.

Wata biyu bai riƙe sifana ba, yatsunsa biyu kuma har yau ba sa miƙewa. Ramin an cike shi. Injin ya koma fili ƙarƙashin darbejiya, da sabon tiyo da maɗaurin ƙarfe, kullum Saudatu na shafa wa mahaɗar kumfar sabulu ya duba ko za ta yi ƙwai, alamar gas na fita. Ƙarar kuwa ba wanda ya sake kai ƙara.

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti na je gaishe shi. Hannuwan na naɗe, an ɗora su a kan matashi. Na so in yi godiya, amma bakin da ya saba ba ya jin magana.

"Sannu, injiniya. Ashe saura ƙiris ka kwashe mu gaba ɗaya, a jera mu kabari kusa da kabari."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Abin da na hango ke nan na ɗauki wutar da hannu. Mutuwa ba ta ba ni tsoro, Babaji. Amma in sake zama maƙwabcinka har tashin ƙiyama? Gara in ƙone."