Tulun Inabin Ɗa'ifa

Shekarun baya, bayan yaƙin duniya da kaɗan, ina shanya a saman soron gidan da muke haya a unguwar Jarwal ta Makka sai na ji wani abu yana huci a bayana, siririn sauti kamar na maciji. Na waiga, babu komai sai tulun mahaifiyata a lungu, bakinsa rufe da ƙyalle. Daga cikinsa sautin ke fitowa.

Jan inabin Ɗa'ifa ta cika shi da shi kafin su tafi ziyara Madina ita da mahaifina. Inabin wani tsohon manomi ne da take yabo, wai ba ya zuba wa gonarsa komai sai takin awaki, kuma ba ya tsinka sai ya duba wata. Abin da ta ce mini kawai, kada in taɓa. Ni kuwa da na yi makarantar 'yan mata a Sudan kafin mu ƙetaro, gani nake babu abin da zai shige mini duhu. Na ɗaga ƙyallen.

Kumfa ke tasowa, ruwan ya yi ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana a jiƙe. Na ɗebo a ludayi na kurɓa. Zaƙin ya tafi, sai ɗan bauri mai kama harshe irin na goro, da ƙamshin busasshen dabino, da na ƙasa bayan yayyafi. Sannan wani ɗumi ya bi maƙogwarona ya sauka ƙirji. Giya ce, a gidan da muke jiyo kiran sallar Harami. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ban ji rashin daɗinta ba.

Kowa a unguwar ya san labarin mutumin da aka kama da ita, aka yi masa bulala, aka saka iyalinsa a jirgin ruwa a Jidda. Mu kuma takardun zamanmu ba su kammala ba. In na zubar, indararo lungu yake kaiwa, jan ruwa da wari za su tona ni. In na sauko da shi, sai na bi ta ƙofar matar mai gidan. Sai na kwaɓa garin alkama na liƙe bakin tulun, na jibga masa tsohuwar tabarma.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. In na yi salla sai in sake, ina kokwanton tsarkin bakina. In na ji ƙarar sanda a lungu sai in ɗauka masu bulala ne suka zo kama ni, ko da makaho ne ke wucewa.

Matar mai gidan haifaffiyar Makka ce, kakanninta Kanawa, Khala muke kiranta. Wata safiya ta hau soron, ta tsaya tana shinshina, ta nufi tabarmar kai tsaye. Ƙullun ya riga ya tsage.

"Ya binti, 'yar nan, wa ya toshe wa tulun nan hanci?"

Kuka ya ƙwace mini, na faɗa mata komai har da kurɓar. Ta ɓamɓare ƙullun tana tsaki, ta mayar da ƙyallen. Ta ce khal mahaifiyata ke haɗawa, ruwan tsamin nan da ake zuba wa abinci, kuma dole inabi ya bi ta wannan hanya kafin ya kai can, amma sai da iska. Da na bar shi a liƙe, haka zai zauna shekara da shekaru, yana ƙara ƙarfi yana ƙara ƙamshi. Wato ni mai ilimi, na zauna ina gadin abin da nake gudu.

"To na tsira ke nan, Khala?"

"Ban ce ba. Yanzu dai abin da kike tsoro ne a ciki. In bai juya da kansa ba kafin alhazai su iso, kin san soron nan haya nake ba su."

Maganar kurɓar kuwa, ta tambayo wani malami ba tare da ta kama suna ba. Ya ce wanda bai sani ba ya yi istigfari, ya isa. Wannan ya sauke rabin nauyin, rabin yana soro. Kullum sai na hau na sunkuya kan ƙyallen ina shaƙa, ina roƙon Allah ya lalata wannan ƙamshi. Har yau in tukunya ta yi huci a bayana sai na waiga, kuma ban sake ɗaga murfin abin da aka ce kada in taɓa ba.

An fara jin ayarin farko ya sauka Jidda ranar da Khala ta sake hawowa, da hantsi. Ƙananan ƙudaje sun yanyame ƙyallen, wata farar yana ta rufe saman ruwan. Ta daɗe tana shaƙa, sannan ta ce bismillah ta ɗiga a harshe. Fuskarta ta yamutse gaba ɗaya, har da ƙwalla.

"Khalas, ya yi tsami. In ya shekara biyu a kwalba, uwarki ba za ta sam wa kowa ba." Ta miƙo mini ludayin. "Sha, 'yata, halal ne. Kin tsira."

Ban taɓa kurɓar abu mai tsami irinsa ba, sai da haƙorana suka mutu. Na ce ta ƙaro mini.