Rabin Askin Sarkin Yawo

Mai Aski bai taɓa kwana a wani gari ba. A layin bayan tashar jirgin ƙasa aka haife shi, a nan ya koyi aski wajen wani tsoho mai faɗan tsiya, a nan kuma ya gaji shagon bayan tsohon ya rasu: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, fanka mai kuka, da bencin da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Amma in ya ɗaura maka ƙyalle a wuya ya buɗe baki, sai ka rantse da ƙafa ya zaga duniya. Duk labarin da wani direba ya zubar a kujerar nan, shi ke tsincewa, ya ƙara gishiri, ya ba na gaba a matsayin nasa. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, bakin ne dai babu birki.

Matarsa tana da ƙane, autansu, wanda dangi ke kira Sarkin Yawo. Shi kam ya zaga da gaske. Shekara da shekaru yana tafe da jaka a baya, ya yi wanke-wanke a wannan gari, ya yi dako a wancan, da ya ga hanya sai ya ƙara gaba. Yana can wata uwa duniya mahaifinsu ya rasu, sai a waya ya ji. Tun daga nan kunyar haɗa ido da mahaifiyarsu Inna ta kama shi, kullum kuma ƙara nauyi take.

Ran nan da sassafe sai ga shi a ƙofar gidan Mai Aski, gashi buzu-buzu, da tikitin jirgin la'asar a aljihu. Wai wucewa yake yi, ya ce bari ya tsaya ya ga gari, ya ɗanɗana abincinsa. Yayar ta rungume shi, ta yi kukanta, ta share hawaye, sannan ta ja mijinta kicin.

"Na kira Inna. Ta riga ta shiga mota, da ciwon gwiwarta da komai. Kafin magariba za ta iso."

"To jirginsa fa?"

"Shi ne aikinka. Ka fita da shi, ka nuna masa gari, ka cika masa ciki, ka ɓatar da shi in ta kama. Idon Inna kullum dushewa yake. In yaron nan ya hau jirgi ba ta gan shi ba, wallahi ni da kai ne."

"Haba Maman yara! Ni da mutum ke shigowa gyaran gemu da hantsi ya fita bayan azahar? Sha kuruminki."

Da gidan tarihi suka fara. Mai Aski ya sha ba baƙi labarinsa, amma ranar ya fara sa ƙafa a ciki. Hakan bai hana shi tsayawa gaban kowane kaya yana zuba bayani ba. Ya nuna wata ƙatuwar tukunya ya ce a ciki ake dafa wa mayaƙan zamanin da abinci, sai an sa tsani ake juya miya. Sarkin Yawo ya duƙa ya karanta ɗan allon da ke gefe.

"Yaya, nan an ce ta rini ce."

"Daga baya ne suka mai da ita ta rini. Kai da ba ka zama a gari, me ka sani?"

Matsalar ita ce yaron ya iya kallo. Ya dubi abu, ya ɗauki hoto, ya gyaɗa kai, ya wuce. Kafin rana ta yi zafi sun gama da gidan tarihi, sun ƙetare tsohuwar gada, sun kai gindin hasumiyar agogo. Nan Mai Aski ya yi murmushi, don ya ji an ce matakalarta na karya ƙafar ƙato. Ta kuwa karya, sai dai tasa ce. A tsakiya ya zauna yana haki, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, Sarkin Yawo ya hau ya sauko ya same shi a nan, har da tambayar ko a goya shi.

Mai Aski ya gwada shigar da su motar da ba ta hanya ba. Ba su yi nisa ba yaron ya dubi rana, ya dubi wayarsa, ya buga jikin motar aka sauke su, ya kuma bi da Mai Aski wani lungu da shi ɗan gari bai san da shi ba.

Saura abinci. Mai Aski ya kai shi bakin kogi wajen wata mai gasa kifi, aka kawo musu shi yana tururi, da yaji da lemun tsami. Daga nan suka shiga kasuwa wajen wani tsoho da miyar namansa ke kwana a kan wuta, suka dangwala da burodi mai zafi. Sarkin Yawo na ci yana tambayar me aka sa, me aka fara soyawa, su kuwa masu abincin daɗi ya kama su suna ta ƙara masa. Mai Aski yana ce masa ci, shi ma yana ci don kar a gane. Suka ɗora da wani soyayyen abin fulawa mai zuma da shayi mai kauri, sannan ya ja shi lambun gari, ƙarƙashin wata bishiya mai sanyi, ya ce su ɗan miƙe ƙafa. Dabarar ta yi aiki sarai, barci ya zo mai nauyi. Sai dai ba wanda aka yi wa tarkon ya ɗauka ba.

"Yaya, tashi. Har da minshari? Zo ka raka ni tasha."

Ya farka ya ga jaka ta riga ta hau baya, rana ta karkata. Ya zabura ya miƙe. Ba tsoron Maman yara kaɗai ba ne. Duk zuwan da Inna za ta yi sai ta kira shi gefe ta ce, kai da matafiya ke zama a kujerarka, ba wanda ya ce ya ga autana? Shi da ba ya rasa amsa, nan ne kaɗai bakinsa ke mutuwa. Tausayinta ya cika masa ciki fiye da kifin.

Hanyar tasha ta gaban shagonsa ta bi. Ya tsaya cak.

"Kai, da wannan kan za ka shiga jirgi? A ce ƙanin matata ne? So kake ka kashe mini kasuwa? Shigo, yanzu-yanzu zan sauke maka shi."

Sarkin Yawo ya dubi agogo, ya ɗan yi jim, ya shiga ya zauna. Mai Aski ya ɗaura ƙyalle, ya kunna inji, ya yi bismilla. Ya bi gefen dama tun daga goshi har ƙeya, ya share shi tas har yana ƙyalli. Gefen hagu kuwa yana nan da dajinsa. Sai ya sa yatsan ƙafa ya fizge wayar injin daga bango.

"Kash! Sun ɗauke wuta."

Sarkin Yawo ya ɗaga kai a hankali. Fanka na ta juyawa a samansu, tana kukanta.

"Saura ce," in ji Mai Aski. "Haka take yi, sai ta jima ba ta sani ba."

"Almakashi fa?"

"An kai washi."

"Reza?"

"Ta ƙare tun jiya."

Suka dubi juna ta cikin madubi. Daga bayan katanga ana jin hayaniyar fasinjoji da sanarwar tasha.

"Yaya," in ji Sarkin Yawo, "akwai hula a aljihun jakata."

Wannan kam Mai Aski bai yi lissafinta ba. Ya dubi jakar, ga bakin hular nan ya leƙo. Ƙarya ta ƙare masa, karon farko a rayuwarsa. Ya ce da muryar da ba tasa ba, "In miƙo maka?"

Yaron bai ko dubi jakar ba. Ya sunkuyar da rabin kansa yana kallon gashin da ya zuba a ƙyalle. Jirgi ya yi kuka, ya sake yi, ƙasa ta ɗan girgiza, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace.

"Motar Inna ta kusa?" in ji yaron.

"Wa ya gaya maka?"

"Kicin ɗinku ba ƙofa, Yaya. Kuma matarka ba ta iya raɗa ba." Ya goge ido da gefen ƙyallen. "Ban san me zan ce mata ba."

"Kar ka ce komai. Ni zan yi maganar, ai ka san ba na gajiya."

Bai samu ya yi ba. Ana shirin kiran magariba mota ta tsaya a bakin layi, Maman yara ta shigo riƙe da hannun Inna. Tsohuwar ta saki hannun, ta lallaɓa har kujera. Sarkin Yawo ya yunƙura zai durƙusa, ta danne kafaɗarsa. Ta kawo fuskarta dab da tasa ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora tafin hannu a kansa. Hannun ya bi santsi, ya faɗa daji, ya komo.

"Auta, haka kake yawo a duniya, ba mai gaya maka gaskiya?"

Ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ya kifa kai a jikinta. Mai Aski ya juya baya yana jan hanci, ya duƙa ya mayar da waya a bango, inji ya ɗauka.

"Inna, ɗan matsa in ƙarasa masa."

"Kashe abin nan," in ji ta, hannunta na kan ɗanta. "Ɗaya gefen sai wani mako. In kuma yana da hula, a ba ni ita in ajiye."