Baba Ari da kwalaben da ba su da suna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin buɗe ƙofar kolej da safen nan direkta ya kira ni a waya ya ce Baba Ari ya rasu. Na ce masa, wane Arin? Alhali Ari ɗaya muke da shi.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai kula da labo da filin wasanni da makarantun yankinmu a nan Zinder suke tarayya a kansu. Ɗakin gwajin kimiyya ɗaya ne, filin gudu yana bayansa, mabuɗan duka suna aljihun Baba Ari. Kowace makaranta da ranarta.

Na san shi tun ina ɗalibi, sabon zuwa daga Gidimuni. Mu ƴan ƙauye ba mu da takalmin gudu. Duk ranar da za mu yi wasanni, sai ya ɗaura tsohon buhu a igiya, ya yi ta jan sa a kan filin har ƙarangiya ta gama mannewa a jikinsa. Ba wanda ya sa shi. Yakan ce, "Ku dai ku yi gudu, ƙaya aikina ce."

Shi ya fara nuna mini fatar albasa a mikroskop. Ya ce, "Ka ga ɗakuna a jere? Albasa ma tana da tsari, kai dubi kayenka kamar kaji sun yi faɗa a ciki." Tun daga nan nake rubuta komai a kaye, wato littafin rubutu. Yau shekaruna arba'in da ɗoriya, ni ne mai kula da ɗalibai a kolej ɗinmu, kuma ba ranar da ba na rubuta abin da ya faru a kaye.

Shi ya sa abin da zan faɗa yake cin raina.

Kwalaben sinadarai na labo sun tsufa. Zafi da gara sun cinye takardun sunayensu. Baba Ari ɗan dukawan Birni ne, sai ya yi abin da ya gada: ya yanko siraran fatu masu rini, ja da kore da rawaya da baƙi, ya ɗaura wa kowace kwalba a wuya, ya yi ƙulli ɗaya, ko biyu, ko uku. Launi da ƙulli su ne sunan kwalba. Malaman kimiyya kuwa yau an kawo wannan, baɗi an ɗauke shi. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Baba, miƙo mini kaza," ya miƙo. Bai taɓa kuskure ba, don haka ba wanda ya damu ya koya.

Da idonsa ya fara rauni sai ya neme ni. Ya ce in zo da kayena wata Asabar, yana faɗa ina rubutawa, mu liƙa a bango.

Na ce to.

Ɗazu na buɗe kayen na duba. Sau huɗu na rubuta da hannuna: "Jerin kwalaben Baba Ari. Sai mako mai zuwa." A Asabar ɗin farko abin da na rubuta shi ne tayar babur ɗina ta yi faci a hanyar Kara-Kara. A ta biyu, mun yi baƙi. Sauran biyun ko dalili ban rubuta ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Talatar da ta wuce ce. Na raka ajinmu fili, na same shi yana zuba toka yana fitar da layukan gudu, yana tari.

Ya ce, "A'a, Malam Gobe! Yau ma da biro ka zo, ko da gaisuwa?"

Na ce, "Baba, a bari mu gama jarrabawar zango."

"Jarrabawa ba ta ƙarewa, ɗana. To riƙe wannan ɗaya kafin nan. Ja mai ƙulli biyu, asid ne mai zafin rai. Ba a zuba masa ruwa. Shi ake ɗigawa a cikin ruwa, a hankali."

Na yi dariya na ce na riƙe. Ya koma kan tokarsa.

Wallahi tun safe nake juya maganar. Ƙulli biyu ya ce, ko uku? Wannan ma ban rubuta ba. Ni da nake rubuta ranar da aka ɗauke wuta da ranar da aka maido.

Bayan mun dawo daga maƙabarta direkta ya ja ni gefe. Ya ce ba zai bar ɗan kowa ya shiga ɗakin da ba a san abin da ke cikin kwalabensa ba. Idan ba a gane su ba, za a sa kwaɗo, ɗalibai su koma kallon zanen gwaji a allo. Gaskiyarsa ce. Kuma na san labon da aka rufe a garin nan ba ya saurin buɗuwa.

Don haka ina roƙo. Idan ka taɓa koyar da kimiyya a wannan labo, ko kina cikin ɗaliban da suka yi gwaji a can kina tuna wace fata ce ta wace kwalba, ku rubuto mini ko da guda ɗaya ce. Wanda ba shi da tabbas ya ce ba shi da tabbas. Kada kowa ya je ya buɗe ko ya shinshina. Ranar Asabar da ƙarfe takwas ina bakin ƙofar tare da malamin kimiyyarmu, za mu gwada abin da kuka aiko da juna. Ban san ko zai isa ba.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Ari, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.

Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa sakacina bai rufe wa yaran nan ƙofar da bawan Allahn nan ya yi rayuwarsa yana buɗewa ba.